Tubalin da Baba Bitrus Ya Bar Mini

Baba Bitrus ya rasu.

Labarin ya same ni da safen nan, ƙarfe shida da kwata, ina tsaye ina dama koko. 'Yarsa Keziya ce ta kira. Ta ce, "Anti Rahila, Baba ya tafi." Na ce ina? Haka fa na tambaye ta, kamar mai zuwa unguwa da sassafe.

Ya kwanta jiya lafiya lau, bai tashi ba.

Ku da kuke bin shafin nan saboda 'yan kunne da maɓallan da nake ɗorawa, kuna yawan tambaya ta wane irin itace ne, ina amsa muku cewa ba itace ba ne. To, wanda ya koya mini aikin ke nan. Sau biyu na so in sa hotonsa a nan, ya hana. Ya ce, "Fuskata za su ɗinka a riga?"

Ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri tun yana saurayi, sashen haɗa kala. Shi ne zai dubi samfurin atamfa sau ɗaya ya faɗi abin da aka zuba a ciki. Bayan mulki ya dawo hannun farar hula ba da daɗewa ba aka rufe masaƙarsu. Yakan ce, "Soja suka koma bariki, mu kuma muka koma gida." Ya yi gadi, ya yi fenti, ya sayar da kalanzir. Daga baya wata mata a cocinsu ta dawo daga tafiya da yumɓun roba, wanda 'yan kasuwa ke kira folima. Yana zuwa a ƙananan fakiti, kala-kala, kuma ba ya bushewa sai an gasa shi. Ta rasa abin yi da shi ta ba Baba. Mahaifinsa kafinta ne, shi kuma kala ce sana'arsa. Sai ya zauna yana neman yadda yumɓu zai fito da zanen katako.

A Keke Napep muka haɗu, daga Kakuri zuwa Narayi. Na zura wa maɓallan rigarsa ido har ya ce, "'Yata, ko bashi kike bin rigar?" Na ce wane itace ne wannan, Baba? Ya ce in zo ranar Asabar in ga dajin.

Na je. Dajin tebur ne ɗaya a baranda, da injin murza taliya, da kwalbar murza yumɓu, da dogayen reza, da ƙusa guda.

Ga yadda ake yi, don ku gane abin da zan faɗa a gaba.

Ana haɗa kala huɗu ko biyar: ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan zuma, ɗan baƙi, ɗan fari. Kowace a murza ta a injin taliya ta yi fale-fale. A jera su, wannan kan wannan. A murza, a raba biyu, a ɗora rabi kan rabi. Sau uku ake haka. Sai a danne shi ya zama ɗan tubali, a daddanna kan ƙusa a ciki inda ake so idon itace ya fito. A bar shi ya huce. Daga nan a kwantar da reza a riƙa fere shi daga sama, siriri-siriri.

Ba ka ganin komai sai ka yanka. Duk zanen yana ɓoye a ciki.

Ni kuwa kun san ni. Tun ina sakandare nake rubuta duk abin da ya faru a rana, kuma aikina ma buga takardu ne a ofishin makaranta. Ranar farko da littafi na je. Ina rubuta lamba nawa ya sa injin, minti nawa ya bar tubalin. Ya leƙo ya ce, "Ashe Akawu aka aiko mini." Sunan ya bi ni har yau. Ko a coci ya hango ni, Akawu.

Laifina biyu ne, kuma dukansu suna rubuce.

Na farko, ba na tsayawa a uku. In na murza sau uku sai zuciyata ta ce anya ya yi? In ƙara ɗaya. In ƙara wani. Kalolin su cakuɗe su koma launin taɓo. Baba ya ɗaga ya duba ya ce, "Madalla. Kin yi kwatar Kakuri bayan ruwan sama. Akwai masu so?"

Na biyu ya fi muni. Yankan farko ba ya nuna komai, kalar sama ce kawai. Na biyu ma dishi-dishi. Ni da na ga haka sai in ce ya lalace, in dunƙule tubalin gaba ɗaya a tafin hannuna in sake daga farko. Wata Asabar ya kama wuyan hannuna kafin in matse. Ya karɓi rezar ya fere na uku. Sai ga layuka suna zagaye wani ɗan ido, kamar an tsaga maɗaci.

Ya ce, "Tubali nawa kika kashe a gida?"

Na buɗe littafi na duba. Goma sha ɗaya.

Ya ce, "Allah ya ji ƙansu. Duk lafiyarsu ƙalau."

Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ranar da na ƙona masa tire guda na maɓallan wata Hajiya mai ɗinki a Tudun Wada, ni ce na yi kuka, shi yana ba ni haƙuri. A tukunya muke gashi, a zuba yashi a ƙasa a ɗora kan gawayi, yadda mata ke gasa kek. Na cika wuta. Ya kira Hajiya a gabana ya ce, "Hajiya, mun ƙona, ki ƙara mana kwana biyu." Mun ƙona, ya ce. Bai ce ta ƙona ba.

Shi ya koya mini sa tubali a leda, a rufe a kwano, a ɗora cikin randa ya yi sanyi kafin yanka, tunda ba a dogara da wutar lantarki. Shi ya ba ni injin taliyar da nake aiki da shi, na marigayiya matarsa ne. Lokacin da mijina ya kwanta asibiti, Asabar uku Baba na hawo Keke har Narayi da ayaba a leda. Ba ya daɗewa. Ya gaishe mu, ya yi addu'a, ya tambaya ko na taɓa yumɓu a satin.

Ganinmu na ƙarshe sati uku ke nan.

Na same shi a baranda da wata 'yar kujerar tsuguno a gabansa, wadda matarsa ke zama a kai tana girki. Ta tsufa, ta yi santsi, zanen itacenta ya fito sosai. Ya ce bikin Keziya watan gobe ne, kuma ya yi mata alkawarin sarƙa da 'yan kunne masu kalar kujerar uwarta. Ya ce, "Ba za ta ga bikin ba. To ko kujerarta ta je."

Kwana huɗu ya yi yana haɗa kalar, yana kai yumɓun jikin kujerar yana dubawa. Da ido ya haɗa, bai auna komai ba. Na ce Baba me da me ka zuba, in rubuta? Ya ce shi ma bai sani ba.

Tubalin yana nan a naɗe, bai kai sabulun wanka girma ba. Ya miƙo mini hannunsa na dama ya ce in duba. Yana rawa. Na daɗe ina lura, ban taɓa magana ba.

Ya ce, "Haɗawa na iya. Yanka ya fi ƙarfina yanzu. Ke za ki yanka."

Na ce Baba guda ɗaya ne fa. In na ɓata shi babu wani.

Ya ce, "Shi ya sa ban ba mai gaggawa ba."

Na fara kawo dalilai. Rezata ta dakushe. Gara in yanka a gabansa. Gara in gwada a wani tukuna. Ya bar ni na gama, sannan ya karɓi littafina da biro. A ƙasan dogon jerin ƙa'idodin da na rubuta, guda ashirin da biyu, ya yi rubutu da hannun nan mai rawa: Ya isa. Yanka.

Ya rako ni bakin titi. Da Keke ya tsaya ya ce wa direban, "Ka bi a hankali, akwai sarƙar amarya a jakar nan."

Zan faɗi gaskiya a nan, tunda a littafina ma na faɗa. Ban yanka ba. Sati uku tubalin yana kan kwabata. Na sayi sabuwar reza. Na yi tubalan gwaji guda shida, duka sun fito da kyau. Kullum in ɗauko nasa in juya in mayar. Na yanke shawara ranar Asabar mai zuwa zan kai masa, ya tsaya a kaina kawai, ko bai ce komai ba.

Yau Laraba.

Da hantsi na je Kakuri gaisuwa. Gidan cike, 'yan coci, tsofaffin abokan aikinsa na masaƙa, maƙwabta. Hajiyar Tudun Wada ma ta riga ni zuwa, tana zaune cikin mata tana share hawaye da gefen mayafi. An matsar da teburinsa gefe an jera kujerun roba. 'Yar kujerar tana ƙarƙashin teburin, ba wanda ya zauna a kai.

Keziya ta ja ni ɗaki ta ce, "Anti, kin yanka?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ya sani ai. Jiya da yamma na tambaye shi sarƙata, ya ce, Akawu ba ta yanka ba tukuna, tana can tana rubuta rahoto. Amma za ta yanka. Ki bar ta."

Muka yi dariya, muka yi kuka, ban san wanne ya riga ba.

Ta ce manya za su zauna a kan maganar biki, ko a ɗaga ko a bari. Ta ce ko yaushe aka yi, ita ba ta da wata sarƙa sai wannan.

Ban jira abinci ba. Na dawo Narayi, na sa tubalin a leda, na rufe a kwano, na ɗora cikin randa. Na wanke hannu. Na goge tebur. Na zauna ina kallon agogo har minti arba'in suka cika.

Na kwantar da reza.

Yankan farko, ruwan ƙasa zalla. Babu layi ko ɗaya.

Na biyu ya fito dishi-dishi, gefensa ma ya ɗan yage. Na ji yatsuna suna lanƙwashewa da kansu, irin yadda suka saba. Sai na ajiye rezar na zauna a kan hannuwana, kamar yarinyar da aka hana taɓa nama. Da suka natsu na ɗauka.

Na uku.

Kujerar ce. Ban san yadda zan faɗa muku ba in ba haka ba. Layukan ruwan zuma suna bin na ruwan goro, ga ɗan duhun nan na gefen da hayaƙin murhu ya taɓa, ga ido biyu kusa da juna, daidai yadda suke a inda Mama, marigayiya matarsa, ke dafa hannu in za ta tashi. Duk ya zuba su a ciki, da hannun da ya ce ya gaza.

Na ci gaba har ƙasa. Fere goma sha tara masu kyau. Sarƙa za ta ci goma sha ɗaya, 'yan kunne huɗu. Sauran huɗun zan yi maɓallai, a sa a rigar ango, in ya yarda.

Na tura wa Keziya hoto. Ta amsa da kalma ɗaya: Mama.

Ba zan sa hoton a nan ba sai ta sa sarƙar a wuyanta. Ranar Asabar zan gasa, da wuta kaɗan, ina tsaye a kai. Zan iya. Yau ban ƙara "ina jin" ko "wataƙila" a gaban wannan maganar ba, kuma na duba, ban taɓa rubuta ta haka a littafina ba sai yau.

Abin da ke ci mini rai ɗaya ne. Da na yanka sati uku da suka wuce, da ya gani. Wannan zan ɗauke shi, nawa ne. Amma ya ce wa 'yarsa zan yanka, kuma ban bar shi ya yi ƙarya ba.

Ku da kuka sha tambaya ta ko ina koyarwa, nake ce muku ban kai ba tukuna: bayan an yi jana'iza, ƙofata a buɗe take duk Asabar da safe. Ku zo da kwalba da reza. Littafi ba dole ba ne.

Ubangiji, ga bawanka Bitrus ya iso gare ka. Ka karɓe shi, ka ba shi hutawa, ka gafarta masa kurakuransa kamar yadda ya yi ta gafarta namu. Ka riƙe Keziya da 'yan'uwanta, ka tsaya mata a ranar da uba da uwa ya kamata su tsaya. Amin.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙon ka, kada ka wuce haka. Kirista ne kai ko Musulmi, Baba bai taɓa tambayar kowa ba kafin ya jawo masa kujera. Ka ɗan tsaya ka sa shi da iyalinsa a addu'a, yadda ka saba yi.

Sai mun zo, Baba. Akawu ta yanka.