Sanyin da Ba na Ruwa Ba

A shagon ɗinkin da ke bayan tasha, Uwar Zare ake ce mata, don kullum sai ka ga zare maƙale a zaninta. Mace ce mai taurin kai, in ta ɗora ƙafa a keken ɗinki ba ta saukewa sai riga ta fito. Ciki biyu ta yi, duka suka zube. Wannan na ukun ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai ta goya shi.

Da cikin ya turo, fitsari ya soma yi mata zafi, mara na ɗaurewa. Ta gaya wa surukarta.

"Sanyi ne, 'yar nan," in ji tsohuwar.

Ita kuwa ta ɗauki kalmar yadda ta zo. Ta ƙaurace wa ruwan sanyi, na ɗumin ma sai kurɓi ɗaya. Ta lafta rigar sanyi ana tsakar zafi, har abokan aiki na tsokanarta wai ta riga kowa shiga hunturu. Rashin shan ruwan ma ya yi mata daidai, don mabuɗin banɗaki na aljihun mai shago, ita kuma tana jin nauyin tambayarsa.

Ranar da zazzaɓi ya kayar da ita a kan keke, baya na sara, aka kwashe ta sai asibiti. Ungozoma ta sa aka gwada fitsarin.

"Baiwar Allah, sanyin nan suna ne kawai," in ji ta. "Ƙwayoyin cuta ne, har sun fara haurawa ƙoda. Kin hana kanki ruwa, kin riƙe fitsari, ai gida kika gina musu. In aka bari, naƙuda na iya zuwa ba lokaci ba."

Tsoro ya kama Uwar Zare, haushi ya biyo baya. Aka kwantar da ita, ta shanye maganinta tas.

Ran da ta koma shago, ta dire gorar ruwa gefen keke, ta tsaya gaban mai shagon, kowa na kallo.

"Malam, mabuɗin banɗaki."

Ya miƙa mata. "In kin gama ki dawo da shi."

"Ba zai koma aljihu ba."

Ta tsinko zare daga zaninta, ta ɗaure mabuɗin, ta rataye shi a ƙusar bakin ƙofa inda hannun kowace mace zai kai.

"Biyu na rasa, Malam," ta ce, hannunta a kan cikin. "Ba zan rasa wannan don kunyar fitsari ba."