Rigar Dalma ta Ɗakin Hoto

A asibitin nan babu mai kiranta da sunanta. Riƙe-Numfashi kowa ke ce mata, don tun tana budurwa har furfura ta cika mata kai abin da take faɗa ke nan a ɗakin hoton ƙashi: "Riƙe numfashinka. To, saki." Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, ga ƙyanƙyami kamar me. Ko ƙofa ta taɓa sai ta wanke hannu.

Aikinta kuwa tana sonsa. Na'urarta na fitar da wani haske da ido ba ya gani, ya ratsa tsoka ya wuce, ƙashi ya tare shi, sai ƙashin ya fito fari fat a hoto. Da shi ta ga karaya iri-iri, da ƙusar da kafinta ya haɗiye, da huhun da tari ya cinye. Amma hasken nan ba abin wasa ba ne in ya yi yawa, kuma ɗan da ke ciki ya fi kowa rauni a gabansa. Shi ya sa mace ba ta hawa teburinta sai ta ji tambaya: "Kina da ciki, ko kina tsammani?" Har tsohuwa mai dogara sanda ta taɓa tambaya. Tsohuwar ta ce, "Yarinya, addu'a kike min ko zagi?"

Abin da ya hana ta sakat a duniya shi ne Dogo, abokin aikinta. Suna da rigar dalma guda ɗaya, mai nauyi, wadda ake saka wa duk wanda zai tsaya kusa da na'ura don ta tare masa hasken. Ratayewa ake yi, ba a ninkewa, don dalmar ciki tsagewa take. Shi kuwa Dogo, wai bayansa na ciwo, sai ya ninke ta ya ɗora a kujera ya zauna daram a kai. A kanta yake cin abinci, a gefenta yake goge maiƙon hannunsa. Wuyan rigar ya yi baƙi ƙirin da gumin mutane, tana tashin wani tsami mai juya ciki. Tir! Ta yi faɗa har ta gaji, shi dai dariya kawai yake, ya ce, "Haba Anti, riga ce fa, ba ƙwai ba."

Wata safiya sai ga 'yarta ta fari a guje, ɗauke da ɗanta ƙarami. Ya faɗo daga kan tebur, hannu ya kumbura suntum. Yaro na ihu yana shure-shure, dole wani ya riƙe shi. Riƙe-Numfashi ta ji kukan jikanta, hankalinta ya tashi. Ta fizgo rigar daga kujerar Dogo, har da ɗuminsa a jikinta, ta zura wa 'yar.

"Danne min shi da kyau," ta ce, ta shige bayan bango ta danna maɓallin na'ura.

Yaron ya motsa, hoto ya lalace, aka sake. Tsagewa ce 'yar ƙarama, abin ɗauri kawai. 'Yar na tuɓe rigar sai ta ruga bakin famfo tana kelaya amai.

"Ka gani ko, ƙazami?" uwar ta daka wa Dogo tsawa. "Warin rigarka ya sa min yarinya amai!"

'Yar ta kurkure baki, ta sunkuyar da kai. "Ba rigar ba ce, Mama. Kwana biyun nan haka nake kowace safiya."

Riƙe-Numfashi ta yi tsaye kamar an dasa ta. Da 'yar ta fita da yaron wurin ɗauri, ta shimfiɗa rigar a tebur ta ɗauki hotonta. Dalma mai lafiya fari take fitowa. Wannan kuwa baƙaƙen layuka ne suka ratsa ta daidai inda ake ninkewa, mafi faɗinsu a setin mara. Dogo ya leƙo, ya ga hoton, ya sulale waje. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ƙyamar da take ji yanzu ba tasa ba ce, ta kanta ce.

Likita ya ce ta kwantar da hankalinta: hannun yaron aka saita, abin da ya fantsamo wa uwar kaɗan ne ƙwarai, da wuya ya yi wani lahani. Ta san gaskiya ya faɗa, ita ma haka take gaya wa mutane. Amma maganar ta ƙi zama mata a ciki.

Ta iske 'yar a benci, yaron ya yi barci a cinyarta.

"Ke ma don Allah, ba sai ki faɗa min ba?"

"Mama, na buɗe baki kika ce in danne shi. Kuma ke da kike tambayar kowa, har tsofaffi, na ɗauka ni ma za ki tambaye ni."

Riƙe-Numfashi ta zauna a gefenta. Can ta miƙa hannu za ta dafa cikin 'yar, sai ta jiyo tsamin rigar a tafinta, ta janye hannun ta ɓoye shi a aljihu.