Garin Inna a Ƙarƙashin Ruwa

Akwai wata safiya a tafkin Volta da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

A shekarar nan ce ta fari, farkon shekarun tamanin, lokacin da ko dokunu, tuwon masarar nan, ya yi wuya a Nima, unguwarmu a Accra. Ni tela ne, amma wa zai ɗinka riga da yunwa a cikinsa? Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, direban motar doya a kasuwar Agbogbloshie, ya ce akwai wani sansani a bakin tafki ta wajen garin Karachi, can arewa da mu, inda mutane ke kafa bukka su kama kifi su ƙyafe. Muna cikin shirin tafiya Inna, mahaifiyata, ta ɗaure kayanta ta ce ƙafarmu ƙafarta.

"Inna, wurin fa daji ne, ba ko ɗaki," na ce.

"Wa zai ƙyafe muku kifin? Kai?"

Sansanin ba wani abu ba ne, bukkokin ciyawa ne da murhun duwatsu da sauro. Muka shimfiɗa tamfol ɗin motar kawu a kan sanduna, ya zama gidanmu. Ruwan kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. Ya ja baya sosai saboda fari, amma ido ba ya kai ƙarshensa, ga busassun itatuwa tsaitsaye a cikinsa, farare fat.

Wani dattijon masunci, ɗan ƙabilar Ewe ne kuma Kirista, ya yarda mu riƙa shiga kwalekwalensa. Ran nan da hantsi Inna ta ce ita ma za ta bi mu ta sha iska. Mun yi nisa, na jefa tarunmu kusa da wani ƙaton kututturen rimi, na ja, ya ƙi tasowa. Ga shi kuwa shi ke nan mana taru ɗaya. Kawu yana ta faɗa, "Ja a hankali, kada ka yaga!"

Inna ba ta ma jin mu. Idonta na kan rimin. Ta ce wa masuncin da yaren Twi ya matsa kusa. Da muka isa, ta miƙa hannu ta kama wani zoben ƙarfe mai tsatsa da ke kafe a jikin itacen, dab da ruwa.

"Babanmu ne ya hau ya kafa wannan," in ji ta. "Nan yake ɗaura igiyar rumfar fataken goro. Ƙofar gidanmu ke nan."

Kawu ya saki igiyar tarun. Shi yana yaro aka kai shi Accra, bai san wurin ba. Ni kuwa na san an ce ruwan dam ɗin da ya haifar da tafkin nan ya cinye garinsu, amma ban taɓa tambayarta komai ba. Na leƙa ƙasa. Ruwan ya kwanta, rana ta ratsa shi, sai ga layin tushen katanga, kifaye suna shiga suna fita ta inda ƙofa take a da.

Inna ta riƙa nuna ruwa da yatsa. Ga masallaci, ga rijiya, can kuma maƙabarta, inda uwarta take. Ta ɗaga murya ta yi sallama, kamar mai shiga gida. Masuncin ya cire hularsa ya ajiye filafili. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a, muna shawagi a saman garin.

Daga baya masuncin ne ya nitse ya kwance tarun daga saiwar rimin, ya fito da shi cike da karfasa. Inna ta dube su ta yi dariya, hawaye na zuba. "Kun zo gidanmu, ai ba za ku koma hannu wofi ba."

Da damina ta dawo, aka ce ruwa ya sake rufe zoben. Inna ma ba ta daɗe ba bayan haka. Abin da na koya shi ne, tsohon da kake gani zaune shiru a tsakar gida, gari guda ne a cikinsa. Ka tambaye shi tun yana iya nuna maka ƙofa.