Ranar da Maman Ebere Ta Ɗauki Shafinmu na Otal Ne

Cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa mantawa da ranar da muka kai shafin kamfaninmu na intanet kasuwar Sabon Gari ba. Ku da kuka shigo kwanan nan, ku saurara.

Lokacin ina shekarata ta biyu a ofishinmu na nan Samaru, a matsayin ƙaramar mai zane. Aikinmu shi ne wanda kuka sani: tambarin kamfani, allon shago, da takardar da ake liƙa wa kwalba ko leda. Shugabanmu, Malam Iliya, shi da kansa ya tsara shafin, wata uku yana kansa. In ka buɗe shi a babbar kwamfutar ofis, hoton wani dogon bene na gilashi ne zai taso a hankali, siririn rubutu mai ruwan toka ya biyo baya. Kowa ya yaba. Ya sa ranar Juma'a za a sake shi, ya ce in yi masa gwajin amfani kafin nan.

Gwajin amfani ba abu ne mai wuya ba. Za ka sami irin mutumin da kake so ya kawo maka aiki, ka buɗe masa shafin a wayarsa, ka ce ya nemo abu guda. Daga nan sai ka yi shiru, kana kallo kana rubutawa. Ƙa'idar ita ce ba ka nuna masa inda zai taɓa, ko da ya roƙe ka.

Ranar Talata na gwada ɗalibai uku, duk suka wuce ba tangarɗa. Amma ba ɗalibai ke kawo mana aiki ba. Laraba na gwada 'yan kasuwa biyu a unguwar PZ, ba wanda ya samo lambar wayarmu. Na dawo ban san yadda zan gaya wa mai gida aikinsa na da gyara ba. Sai na ce, "Yallaɓai, saura mutum ɗaya gobe. Da za ka raka ni, da na ji daɗi." Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce to.

Alhamis da hantsi muka isa shagon Maman Ebere. Iyayenta daga kudu suka zo, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa. Tana soya cincin da gyaɗa tana zubawa a kwalabe, kuma ta daɗe tana son a yi musu takarda. Ban gaya mata wanda ya tsara shafin ba.

Na ce, "Mama, ga shafin wani kamfani. Ki duba ko za su iya aikin kwalabenki. In za su iya, ki nemo yadda za ki kira su."

Ta jira hoton ya buɗe har ta sallami mai sayen gyaɗa. Da ya fito, ta kare wayar daga rana da tafin hannu, ta ce, "'Yata, rubutun nan da fensir aka yi shi? Ba na gani." Ta ƙara duban benen. "Ai wannan otal ne. Me za su yi da mai cincin?"

Malam Iliya ya miƙa hannu zai nuna mata 'yan layuka ukun nan na kusurwa, inda sauran bayanin yake. Na ce ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, ƙa'ida." Ya janye hannunsa.

Ta yi ta ja har ƙasa. Tana shirin ajiye wayar sai ta tsaya a kan wani ɗan ƙaramin hoto. "Wannan zumar ta wata mata ce a Basawa, ina saro ta. Ga ta can a kan kantar shagona. Su suka yi mata takardar? Saboda ita mutane ke fara ɗaukar kwalbar. To me ya sa suka ɓoye ta a ƙasa, suka sa bene a sama?"

Malam Iliya ya ce, "Mama, ni na ɓoye ta."

Ta rufe baki da hannu. "Ka yi haƙuri, Oga. Da na sani..."

"Da kin sani da ba ki faɗa ba. Gara haka."

Muka kamo hanya a mota har muka kusa Samaru. Sai ya ce, "Saratu, a ɗage Juma'a. Ki kawo min duk abin da kika rubuta."

Mako biyu muka yi muna gyara. Aka cire benen, aka sa ayyukanmu na gaske a sama. Aka yi rubutun baƙi kuma manya, aka rage nauyin hotuna, lambar waya ta dawo inda ido zai fara sauka. Da muka koma, Maman Ebere ta buɗe, ta taɓa, wayar Malam Iliya ta yi ƙara a aljihunsa. Ya ɗaga yana tsaye gabanta, ta ce masa tana neman masu zane. Mu muka yi mata takardar cincin ɗin.

Abin da na koya shi ne, yabon abokan aiki ba ya gaya maka ko abu zai yi amfani, domin mu mun riga mun san inda komai yake. Na kuma koyi cewa in gaskiya ta yi maka nauyi a baki, ka kai babba inda zai gani da idonsa. Wanda ya san aikinsa zai ji zafi a ranar, amma zai gyara.