Wanda Ya Zo Mini Barka

Jama'a, ku ji wanda ya ci tuwon barkata yau.

Jiya gwamnatin soja ta sako ni. An tsare ni ba kotu ba shari'a, wai tsaron ƙasa, don na ce a bakin kasuwa takin manoman ƙauyen Ɗan Isa bai iso ba.

Da safe matata Hassi ta tuƙa tuwon dawa tukunya guda, na shimfiɗa tabarmi a zaure. Har azahar ko kare bai leƙo ba. Aminina Bello ya biyo ta layinmu, muka haɗa ido, ya sauya hanya.

Can sai na ji sallama. Wani mutum ne da tun safe yake zaune gindin dogon yaro yana kallon ƙofata.

Ya ce, "Malam, barka da arziki."

Na ce, "Daga ina?"

Ya ce, "An turo ni in ga masu shigowa wurinka. Ba wanda ya zo, ga yunwa."

Na tura mishi akushi. Ya cinye, ya yi mini addu'a, ya koma gindin iccensa.

Duk garinmu Kaura, shi kaɗai ke da izinin gaishe ni.