Jan Biro da Shafin Manaja

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba kurakurai a maɗaba'a, shi ya sa har matarsa, in ranta ya ɓaci, Jan Biro take kiransa. Teburinsa a lungu yake, tsakanin injin yanka takarda da ƙofar sito, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Duk abin da za a buga, daga littafin makaranta har katin gayyata, sai ya bi ta hannunsa, kuma ba ya fita sai ya yi jina-jina da jan tawada. Ya san masu rubutu ta gefen da ba sa so a san su. Ya ga mai digiri uku da bai san mazaunin waƙafi ba. Saboda haka ya bar aiki da tabarau mai kauri, da ciwon baya, da raini mai yawa ga 'yan Adam, musamman masu manyan kujeru.

A cikin waɗanda ya raina babu kamar Manaja. Shi Manaja ta hannun surukinsa mai kamfanin ya shigo maɗaba'ar, kuma har ya bar ta bai iya bambanta takardar bango da ta ciki ba. Aikinsa zama a ofis mai sanyi, da sa hannu, da fitowa sau ɗaya a yini yana tura tumbi tsakanin injuna yana cewa a ƙara himma. In littafi ya fito tsaf, shi ke zuwa karɓar yabo. In an sami kuskure ɗaya, sai a ji muryarsa daga sama: "A kira mini Jan Biro!" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ranar da aka yi wa Jan Biro sallama, Manaja ya tashi ya yi jawabin minti arba'in a kan kansa, ya ce mai ritayar ya yi musu hidimar shekara ashirin, sannan ya miƙa masa agogon bango mai ɗauke da hoton Manaja a tsakiya.

Zaman gida bai karɓi Jan Biro ba. Ya koma gyara takardar cefanen matarsa, yana tsayawa a titi yana yi wa masu shaguna faɗa a kan allunansu. Da abin ya ishi gidan, sai autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ta kawo masa tsohuwar kwamfutarta, ta nuna masa wani kundin ilimi da ke intanet, wanda ake rubutawa da Hausa, kuma kowa yana iya shiga ya ƙara ko ya gyara.

"Kowa?" in ji shi.

"Kowa, Baba."

"To ai juji ne."

Ya buɗe shafi ɗaya don ya tabbatar mata juji ne, ya ga harafin ƙa har goma sha ɗaya babu lanƙwasa. Bai tashi ba sai da ya gyara su. Shekara huɗu ke nan, bai kuma tashi ba. Har malamar laburaren unguwa ta ware masa tebur mai kwamfuta uku kowace Asabar da safe, yana koya wa sababbin shiga. Kada wani ya ɗauka tausayi ne. Shi dai ya lura in bai koya musu ba, shi zai bi bayansu yana kwashe ɓarna.

Wata Asabar yana nuna wa wata malamar firamare yadda ake saka madogara, sai ya ji ƙamshin turaren da ya sani tun kafin ya ga mai shi. Manaja ne ya cika ƙofa. Ya tsufa, wuya ya saki, amma tumbin yana nan a gaba kamar ɗan jagora.

"Jan Biro! Ashe nan ka ɓuya. An ce mini kai ne babba a wannan abin na intanet."

"Babu babba, Yallaɓai. Sannu da zuwa."

"Kullum da ƙanƙan da kai. To na zo ka ɗan nuna mini. Ba wani abu ba ne mai wuya, na sani, tunda har kai ka iya."

Jan Biro ya ja masa kujera. A ransa ya ce, ashe rai kan ga rai.

Wajen buɗe asusu aka fara ja-in-ja. Manaja ya ce a rubuta sunansa "Mai Girma Babban Manaja Mai Ritaya". Jan Biro ya ce a nan kowa da ɗan laƙabinsa yake yawo, kuma ba a tashi wa kowa tsaye. Da ƙyar aka tsaya a kan "Babban Manaja". Da aka zo kalmar sirri, sai ya faɗe ta da ƙarfi har masu karatun jarida suka ɗago kai. Da yatsa ɗaya yake danna haruffa, mai zobe, kuma kowane harafi sai ya neme shi kamar an ɓoye masa.

Abin da ya kamata a faɗa shi ne Jan Biro bai ha'ince shi ba. Yana iya raina mutum har ƙasa, amma ba ya iya koyar da aiki a karkace. Ya nuna masa shafin gwaji, inda sabon shiga ke yin ɓarnarsa ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Ya nuna masa tarihin shafi, inda ake ganin wanda ya taɓa kowace kalma da ranar da ya taɓa ta. Ya nuna masa inda ɓa da ɗa da ƙa suke. Sai ya zo kan abin da ya fi komai.

"Duk maganar da ka rubuta, Yallaɓai, za a tambaye ka: wa ya faɗa? Sai ka nuna littafi ko jarida. Shi ake kira madogara."

"In ni na faɗa fa?"

"Ba ta shiga."

"Ni ɗin?"

"Ko ni. Ko wanda ya fi mu."

Manaja ya yi dariya irin ta wanda aka gaya wa dokar da ya tabbata ba da shi take ba.

Don ya gwada shi, Jan Biro ya buɗe masa maƙalar injin buga littafi, ya ce ya ƙara jimla ɗaya tak a kan yadda tawada ke hawa takarda. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana shugabancin maɗaba'a ya ƙura wa allo ido har shayin da malamar laburare ta kawo masa ya huce. Daga ƙarshe ya rubuta: "Injin yana da muhimmanci sosai." Ya jingina da kujera yana jiran yabo.

A Asabar ta huɗu kura ta fito da ainihin kamarta. Manaja ya zo da jaka, ya zaro shafi shida da aka buga, ya ajiye a gaban Jan Biro kamar yadda ya saba ajiye masa aiki.

"Ka duba mini wannan, sai mu saka."

Tarihin Manaja ne, daga bakin Manaja. An haife shi a daren da aka yi ruwan da ba a taɓa gani ba. Malamansa sun yi ta mamakinsa. Shi ya farfaɗo da harkar ɗab'i. A shafin farko kaɗai Jan Biro ya ƙirga "gwarzo" sau biyar. A layi na uku kuma an rubuta cewa shi ɗan kasa ne na gari.

"Yallaɓai, ɗan kasa ka rubuta."

"To ƙarya ne?"

"Kasa macijiya ce. Ƙasa kake nufi."

"Kai dai ba ka canza ba. Gyara, mu wuce."

"Ko na gyara ba zai zauna ba. Mutum ba ya rubuta shafin kansa a nan. Kuma sai wasu da ba su da alaƙa da kai sun yi rubutu a kanka tukuna."

Manaja ya yi murmushin wanda ya shirya. Ya juye jakar. Ga ɗan littafin bikin cikarsa shekara ashirin a kujera, ga kalanda mai hotonsa, ga shafin jarida na taya murna. Jan Biro ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san su. Littafin da kalandar a maɗaba'arsu aka buga su bisa umarnin Manaja, shafin jaridar kuma talla ce da Manaja ya aika da kansa, Jan Biro ne ma ya gyara mata rubutu.

"Duk waɗannan kai ne kake yabon kanka, Yallaɓai, ka sauya murya kawai."

Manaja ya kwashe kayansa ya fita, ko sallama babu. A gida ya zauna da yatsansa ɗaya, ya kwana uku yana dannawa, ya saka shafin da kansa. Da hantsi ya saka, kafin azahar an goge. Wadda ta goge wata ce cikin masu kula da kundin, mai laƙabin Tsintsiya, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, wadda Jan Biro bai taɓa gani ba. Ta bar masa saƙo mai ladabi, ta yi masa maraba, ta bayyana dalili.

Wayar Jan Biro ta yi ƙara yana tsakiyar cin abinci.

"Wace ce Tsintsiya? 'Yar gidan uban waye? Ka ba ni lambar daraktansu!"

"Babu darakta, Yallaɓai."

"Wane irin wuri ne babu mai kora babu wanda ake kora?"

Cikin makon nan sai ga sababbin masu gyara sun ɓullo: Masoyin Gaskiya, da Talaka Mai Kishi, da Wani Dattijo. Duk ukun ba su da wani aiki sai mayar da shafin Manaja, suna rantsuwa ba su taɓa haɗuwa da shi ba, labarin alherinsa kawai suka ji. Kuma duk ukun sun ce shi ɗan kasa ne na gari. Tsintsiya ta tambaya a shafin tattaunawa ko akwai wanda ya san lamarin. Jan Biro ya rubuta layi biyu: mutum ɗaya ne, shi ya koya masa, kuma yana ba da haƙuri. Aka toshe ukun, aka ja wa Babban Manaja kunne.

Matarsa ba ta ji daɗi ba. "Haba Malam, dattijo ne fa. Da ka rufa masa asiri."

"Ni na tona? Ƙa ce ta tona shi. Shekara ashirin da shida ina saka masa ita."

Bai yi zaton zai sake ganinsa ba, amma bayan mako biyu Manaja ya dawo laburaren. Wannan karon babu turare, babu ɗaga murya. Ya zauna yana murza zobensa.

"Jikokina suna buga sunana a waya," in ji shi a hankali. "Ba sa ganin komai. Kamar ban zo duniya ba."

Nan ne kaɗai zuciyar Jan Biro ta ɗan motsa, kuma ya ji haushin kansa da ta motsa. Ya ce akwai mafita. Maɗaba'ar ita kanta ta cancanci shafi, jaridu sun yi rubutu a kanta, ta buga littattafan da rabin garin suka yi karatu da su. Kundin kuma ba shi da hoton tsofaffin injunan ko ɗaya. In Manaja yana da hotuna, ya kawo, gudummawa ce ta gaske.

Ya kawo albam uku. Jan Biro ya bi su shafi-shafi. Manaja yana gaisawa da baƙi. Manaja yana yanka kirtani. Manaja yana riƙe da waya. Ma'aikata arba'in sun yi aiki a wurin nan, babu fuskar ko ɗaya. Sai can ƙarshen albam na uku ya ga babban injin, rabinsa, yana leƙowa ta bayan kafaɗar Manaja.

"Wannan zai yi," in ji Jan Biro. Ya ɗauki hoton da kwamfuta, ya nuna masa yadda ake datse gefe. Ya ja layi, Manaja ya fita daga hoton, injin ya rage.

"Ina nake?"

"Shafin injin ne, Yallaɓai."

"Mayar da ni."

"In na mayar da kai ba a ganin injin."

"To in babu ni, babu hoto."

Ya tattara albam ɗinsa ya rungume a ƙirji ya fita. Bai sake dawowa ba. Labari yana iso wa Jan Biro cewa a wuraren zama Manaja yana faɗin kundin nan aikin marasa aiki ne da 'yan hassada, kuma sun roƙe shi su saka shi ya ƙi.

Jan Biro ya rubuta shafin maɗaba'ar da kansa. Ya yi wata guda yana tonon tsofaffin jaridu a ɗakin ajiyar laburaren, ƙura tana sa shi atishawa. Sakin layi huɗu ya samu, kowace jimla da madogararta. Sunan Manaja ya shiga, a rabin jimla, domin wata jarida ta ambace shi a shekarar da aka sayar da injuna biyu. Matarsa ta sa tabarau ta karanta daga sama har ƙasa.

"Kai fa, Malam? Ban ga sunanka ba."

"Babu jaridar da ta rubuta ni."

"Shekara talatin da ɗaya?"

"Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

Washegari ya buɗe tarihin shafin ya ga Tsintsiya ta taɓa shi. Ta gode masa, ta ce aiki ya yi kyau, sannan ta gyara masa shekara ɗaya da ya juya lambobinta. Ya koma ɗakin ajiya a fusace ya zaro jaridar don ya ƙaryata ta, ya tarar ita ke da gaskiya. Wanzami ba ya son jarfa. Kwana biyu bai yi wa kowa magana a gidan ba. A na uku ya rubuta mata "Na gode", ya rufe kwamfutar, ya ce wa matarsa yaran yanzu ba su da kunya.