Fitilar Dogo Dillali

Wata Alhamis ce ta ƙarshen bazara. Hadari ya taso daga gabas ya tsaya kan Maigatari kamar zai zuba, sannan ya watse bai ba kowa ko ɗigo ba. Zafi ya dawo ya zauna wa mutane a kasuwar shanu. A ranar fuskar Dogo dillali ta fara tona shi.

Dogo mutumin Sule Tankarkar ne, Bafillace, fari sol. Shekara talatin yana dillanci bai taɓa sayar da tsohuwar saniya ba, don duk wadda ta shiga hannunsa sai ta koma karsana. Rantsuwa kuwa a bakinsa kamar gaisuwa.

Yana cikin gaya wa Alhaji Ubale, wani falke na Gumel, cewa bijimin nan ko tari bai taɓa yi ba, sai fuskarsa ta yi jawur, har wuya, har kunne.

"Dogo, yau kuma kunya ka samo?" in ji Alhaji. "A ina ake sayar da ita?"

"Rana ce, Alhaji."

"Ranar ta tsallake kowa ta zaɓe ka? Riƙe bijiminka."

Kafin la'asar kasuwa ta yanke hukunci: Allah ya sa wa Dogo fitila, in ya yi ƙarya sai ta kama. Dogo ya ɗauka ya gama yawo. Ashe mutane sun ƙara wani tunani nasu: in fitila ba ta kama ba, to gaskiya yake faɗa. Nan da nan fatake har daga Damagaram suka riƙa tambayar ina dillalin da ake karanta fuskarsa. Ba mai duba haƙoran sa kuma. Kumatun Dogo ake dubawa.

Shi kuwa ya riga ya gane abinsa. Jar ba ruwanta da ƙarya. Balangu mai yaji take bi, ko ɓacin rai. Sai ya daina cin komai ranar Alhamis har kasuwa ta tashi, ya sheƙa ƙaryarsa fuska fes. Lokaci-lokaci, in an kawo wata ramammiyar saniya wadda dama ba mai saye, sai ya faki ido ya ci yaji, ya yabe ta, fitila ta kama, a yi ta dariya, a ƙara yarda da shi.

Matarsa Safara'u ce ta san sauran labarin: gudawa ba dare ba rana, da ƙirji mai fito.

"Malam, wandon nan sau biyu nake rage maka shi. Mu je asibiti."

"A warkar da me? Ke, wannan jar ita ke ci da ke."

"Kai kuma cin ka take yi," in ji ta.

Shekara uku ana haka. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi, wata Alhamis ya faɗi tsakanin shanu. Daga asibitin Gumel aka tura su Kano. Likita ya ce wani ɗan ƙari ne a hanji ya kai ga hanta, yana zuba wasu sinadarai cikin jini, babbansu sunansa sirotonin. Su ke buɗe jijiyoyin jini fuska ta yi ja, su tsinka ciki, kuma da aka bar su suka daɗe, sun taurara ƙofofin zuciya. Ya ce akwai allurar da ake yi duk wata mai dakatar da sinadaran, jar ma ta daina.

Dogo ya saurara tsaf, kamar ana yi masa tayi.

"Likita, ba a iya gyara zuciyar a bar mini jar?"

"Soka masa allurar, likita," in ji Safara'u.

Allura ta yi aiki, fitila ta mutu, labarin kuma ya riga Dogo isa Maigatari. Ya lallaɓa ya koma kasuwa, ya nuna wa Alhaji Ubale wata karsana, karsanar gaske, ya rantse. Alhaji ya daɗe yana kallon fuskarsa.

"To yanzu da me za mu gane?" Ya wuce.

Dogo na nan Sule Tankarkar, a zaune a ƙofar gida, ƙafafu kan matashi. Duk wata Safara'u na kai shi Kano allura. Ba mai ba shi ko akuya ya sayar.